An Yi Aikin Haƙori Ciwo Bai Tafi Ba: Wa Zai Biya Na Biyu?

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana a wannan fitowa, alhali ba ta shafi farashin sa ko kuɗin duwan ba, shi ne wata rigima da aka kawo gabanmu bayan Sallar layya. Wani ɗan'uwanmu, ba sai mun faɗi sunansa ba, ya sauka Garwa da wani turmin haƙori na ƙasa yana yi masa zogi. Ya shiga wajen wani likitan haƙori a cikin gari, aka kankare ruɓar, aka yi masa ciko, ya biya, ya fito. Washegari da asuba ya bi shanun da ya saya a kasuwar Adumri, ta Gidar zuwa Mubi. Kwana na huɗu barci ya gagare shi. A can Mubi wani mai aikin haƙori ya fasa cikon, ya ce jijiya ta kamu, ya fara aiki, bai ƙarasa ba mota ta tashi. Da ya komo Garwa sai ya nufi na farko da fushinsa, ya ce: "Likita, aikinka bai yi ba. Ko ka gyara, ko ka mayar mini da kuɗina." Shi kuwa ya duba bakin ya ce: "Alhaji, ka yi haƙuri, abin da ke cikin bakin nan yanzu ba aikin hannuna ba ne. Ina takardar da na ba ka?" Takarda kuwa tuni an naɗe goro da ita.

To, irin wannan ba shi kaɗai ta taɓa samu ba. Mu da muka haura hamsin, kuma rabin rayuwarmu a kan hanya take tsakanin Ngong da Pitowa da Adumri da Jimeta, da wuya ka sami wanda haƙori bai taɓa kwantar da shi a masauki ba. Saboda haka muka ga ya kamata a warware maganar, domin kafin a san wanda zai biya, sai an san abin da ke ciwon.

Da farko dai, ba kowane zafi bayan aiki ne ke nuna an yi kuskure ba. Haƙori abu ne mai rai, a tsakiyarsa akwai jijiya da hanyoyin jini. In aka sa inji aka kankare shi, dole ya yi 'yan kwanaki, wani lokaci har mako biyu ko fiye kaɗan, yana tsirawa in ruwan sanyi ya taɓa shi. Alamar wannan ita ce zafin na zuwa ne ya wuce nan take, kuma kullum raguwa yake yi. Wannan ba ya bukatar kome sai haƙuri.

Akwai kuma wanda cikon ne ya yi tudu. Lokacin da ake aikin bakinka a mace yake saboda allura, likita ya ce ka ciza, ka ciza, ka ce daidai ne, alhali ba ka jin kome. Da allura ta sake ka sai ka ji wannan haƙorin ne ke fara taɓa ɗan'uwansa kafin sauran. Duk nauyin tauna ya koma kansa, bayan kwana biyu ko tuwo ba ka iya dannawa. Gyaran wannan bai wuce 'yan mintoci ba, goge tudun kawai za a yi. A ganinmu duk likitan da ya nemi kuɗi a kan wannan bai kyauta ba, domin ƙarashen aikinsa ne. Sai dai fa sai ka koma. In kana Mubi, ba zai goge maka daga Garwa ba.

Wanda ya fi kawo husuma shi ne irin na ɗan'uwan nan namu. Kogon ya yi zurfi har ya kusa jijiya. Likita ya duba ya ga akwai yiwuwar jijiyar ta farfaɗo, sai ya gwada ciko, domin shi ne mai sauƙin kuɗi kuma shi ne ke barin haƙori da ransa. Wani lokaci a dace. Wani lokaci kuwa ƙwayoyin cuta sun riga sun isa ciki tun kafin ka zauna a kujerar, jijiyar ta kumbura a cikin ɗakin da ba shi da wurin buɗawa. Alamarsa ba ta ɓuya: zafin na tasowa da kansa ba tare da ka ci kome ba, ya fi tsanani da dare in ka kwanta, shayi mai zafi na tayar da shi ya daɗe bai lafa ba, har wani kan guntsi ruwan sanyi don ya sami sa'ida. In an kai nan, abu biyu ne ya rage: ko a cire jijiyar a wanke ramukan saiwa a toshe su, wanda ake ce wa kashe jijiya, ko a cire haƙorin ɗungurungum. Kashe jijiya aiki ne dabam, ya fi ciko tsada nesa ba kusa ba, sau da yawa sai an je sau biyu ko uku, kuma ana son a ɗora wa turmi hula daga baya don kada ya tsage. Wannan ma kuɗinsa dabam.

Shi ma kashe jijiyar ba a rantse a kansa. Turmi na da rami uku ko huɗu a cikin saiwoyinsa, wani siriri kamar gashi, wani a lanƙwashe. Ana iya tsallake ɗaya, ana iya toshewa ba a kai ƙarshe ba, ɗan tsinken ƙarfen da ake aikin da shi ma yakan karye a ciki. 'Yan kwanaki na jin tsami in an tauna ba kome ba ne. Amma in an yi makonni ana ciwo, ko wani ɗan ƙurji ya fito a dasashi yana fashewa yana komowa, to akwai saura. Ido ba ya ganin wannan, sai hoto, wanda a asibitocin Kamaru ake ce wa radiyo.

Masu cewa a cire kawai a huta, su ma ba su tsira ba. Bayan an cire haƙori, jini na daskarewa a cikin ramin, wannan gudan jinin shi ne marfin da ke rufe ƙashi har nama ya tsiro. In ya fita, sai ƙashi ya zauna a fili. Ciwon ba ya farawa ranar da aka cire, sai kwana na biyu zuwa na huɗu, ya harba har kunne, baki ya yi wari. An fi samunsa a turamen ƙasa na can ƙurya. Abin da ke jawo shi kuwa mun san shi sarai: zuƙar sigari, cusa garin taba, kurkure baki da ƙarfi a ranar farko, yawan tofar da yawu, da tsokanar wurin da harshe ko tsinke. Likita zai wanke ramin ya sa magani, cikin mako ɗaya zuwa kwana goma yakan lafa. Wannan yawanci ba laifin mai cirewa ba ne. Amma in guntun saiwa ne ya karye ya zauna a ciki, kuma mai aikin ya gani ya yi shiru, to wannan magana ce dabam.

Wani abin da mutane ba su yarda da shi sai ya same su: ciwon na iya zama ba daga haƙorin da ka nuna ba. Jijiyoyin haƙora duk uwarsu ɗaya, shi ya sa na ƙasa kan yi ciwo ka rantse na sama ne. Mura mai toshe kogon da ke bayan kumatu, irin wadda ƙurar hunturu ke kawowa, tana sa turamen sama su yi ciwo gaba ɗaya alhali lafiyarsu lau. Mai cije baki cikin barci saboda tunanin bashi, muƙamuƙinsa ne ke ciwo. Akwai kuma ciwon jijiyar fuska da ke fizgar mutum kamar wutar lantarki. Mun san wanda aka cire wa haƙora uku a jere, kowanne shi ya nuna da yatsansa ya ce a cire, ciwon kuma yana nan. Saboda haka in likita ya ce bai ga abin cirewa ba, kada ka tilasta masa.

Kafin mu shiga maganar kuɗi, ga wadda ba ta jiran ciniki. In kumburi ya sauka ƙarƙashin haɓa ko wuya, ko ya hau wajen ido, ko baki ya ƙi buɗewa, ko haɗiyar yawu ta gagara, ko zazzaɓi ya rufe mutum, to a bar shanu a hannun yara a nufi babban asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne. Mugunyar haƙori na iya toshe maƙogwaro ta kashe mutum, musamman mai ciwon sukari. A Garwa akwai sashen haƙori a asibitin gwamnati na lardi, a Yola kuma akwai asibitin koyarwa. Ƙwayoyin kashe zafi da muke saye a tasha, irin su diklofenak da Tramol, rufe ciwon suke yi mugunya na ci gaba da taruwa, ban da abin da na farko ke yi wa ciki da ƙoda, na biyu kuma ya kama mutum ya kasa bari. Kafso ma, watau maganin ƙwayoyin cuta, yana kwantar da kumburi na ɗan lokaci, ba ya warkar da haƙorin da jijiyarsa ta mutu. Kanumfari na sa a sami barci, iyakarsa ke nan. Ruwan batir da man birki da wasu ke ɗigawa kuwa, ƙone dasashi kawai suke yi.

To, wa zai biya?

Mu 'yan kasuwa tunaninmu na aibi ne. Ka sayi sa a kara, ka kai gida ka tarar yana da ciwon da aka ɓoye maka, ka komo da shi gaban dillali da shaidu a warware ciniki. Da wannan idon muke kallon likita: na biya don ciwo ya tafi, ciwo bai tafi ba, a ba ni kuɗina. Amma doka ba haka take kallon abin ba. A ɓangaren Kamaru mai amfani da Faransanci, wanda Garwa ke ciki, dokar ma'amala daga Faransa aka gaje ta, kuma tun wani hukunci da babbar kotun Faransa ta yanke a 1936 aka tsaya a kan cewa abin da ke wuyan likita shi ne ya yi aiki da kula, da sani irin na zamaninsa. Warkewa ba ta cikin abin da ya ɗauka. A Nijeriya, inda aka gaji dokar Ingila, maganar kusan ɗaya ce: sai ka nuna sakaci, watau ya yi abin da ƙwararre mai kula ba zai yi ba, kuma wannan ne ya cuce ka. Ciwo kaɗai ba hujja ba ne.

Abin da muka karanta a makarantar Islamiyya bai yi nisa da wannan ba, har ma ya fi fayyacewa. Malamanmu na Malikiyya sun raba tsakanin ijara da jinga a kan sakamako. In ka ɗauki mutum ya yi maka aiki sananne, ya yi shi yadda ya kamata, ladansa ya tabbata ko ka warke ko ba ka warke ba. Amma Risala ta halatta a yi sharaɗi da mai magani a kan sai an warke za a biya. Ke nan abin da aka ƙulla tun farko shi ne alƙali. Har sun kawo mas'alar wanda ya yi jinga da mai cire haƙori, kafin a cire ciwon ya lafa, suka ce cinikin ya warware. Game da lamuni kuwa, ƙwararren da aka ba izini ya yi aiki bisa ƙa'ida, babu kome a kansa in abu ya ɓaci. In ya yi kuskure da hannunsa, kamar ya cire lafiyayye ya bar mai ciwon, akwai diyya. Wanda kuwa ya shiga aikin magani ba da sani ba, shi ke ɗaukar duk ɓarnar da ya yi. Diyyar haƙori ɗaya raƙuma 5 ce, watau kashi ɗaya cikin ashirin na diyyar rai. Kowa a cikinmu ya san kuɗin raƙumi, sai ya lissafa abin da yake miƙa wa mai filaya a gefen kasuwa. Ba da wannan kotun gwamnati a Garwa za ta yi hukunci ba, amma in an zauna sulhu tsakanin Musulmi, ma'auni ne mai kyau.

In muka haɗa waɗannan, ga yadda muke ganin adalci. Abin da yake ƙarashen aikin farko ne, kamar goge tudun ciko, ko mayar da cikon da ya faɗi cikin 'yan kwanaki ba tare da ka tauna ƙashi ba, ko wanke ramin da aka cire haƙori, ko sassauta haƙorin roba da ke cin dasashi, wannan na likita ne, kuma masu mutunci a cikinsu ba su karɓar kome a kai. Abin da yake kuskurensa ne bayyananne, shi zai gyara ko ya ɗauki nauyin gyaran a wajen wani. Abin da kuwa cutar ce ta ci gaba, kamar cikon da ya zama sai an kashe jijiya, wannan sabon aiki ne, kuɗinsa na mai haƙori. Sai dai a nan akwai wani haƙƙi da ke wuyan likita wanda da yawa ke sakaci da shi: tun kafin ya fara ya kamata ya ce, "Alhaji, kogon nan ya yi zurfi, zan gwada ciko, in bai karɓa ba sai an kashe jijiya, kuɗinsa kaza." In ya faɗa ka yarda, ba ka da bakin magana. In bai faɗa ba, to ya rage maka zaɓi, domin da ka sani wataƙila da ka ce a cire tun farko, ko ka ɗaga tafiyarka. A irin wannan muna ganin daidai ne a cire kuɗin cikon daga kuɗin aiki na biyu. Ba doka ce muke karanto muku ba, abin da ake nema ne a wajen sulhu, kuma sau da yawa ana samu in an nema da lalama.

Kada kuma wani ya sa rai gwamnati za ta ɗauka. Shirin kula da lafiyar kowa da Kamaru ta ƙaddamar a watan Afrilu na 2023 ya fara ne da yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da mata masu ciki, da wankin ƙoda, da masu tarin fuka da ƙanjamau. Takardar nan ta jaka 6 da matanmu ke saya a arewa ta awon ciki da haihuwa ce. Turmin bafatake ɗan shekara hamsin ba ya ciki. Daga aljihu ne, ko a Garwa ko a Yola, sai wanda ya yanki inshora da kansa, shi ma ya karanta ya ga ko haƙori na ciki.

In sulhu ya gagara, akwai inda ake kai kuka. A Kamaru dokar 1990 ta tsara aikin likitan haƙori, ba mai yin sa sai wanda sunansa ke cikin rajistar ƙungiyar likitocin haƙori ta ƙasa, kuma ƙungiyar na da ikon ladabtar da 'ya'yanta. In a asibitin gwamnati ne, a fara da shugaban asibitin, sa'an nan ofishin lafiya na lardin Arewa da ke nan Garwa. A Nijeriya akwai majalisar likitoci da likitocin haƙori ta ƙasa, mai kwamitin bincike da kotun ladabtarwa. Amma a sani, waɗannan horo suke yi, su ja kunne ko su dakatar da mutum. Mai neman a biya shi diyya sai kotu, da lauya, da wani likitan da zai duba ya ba da shaida. A kan kuɗin ciko ɗaya, wannan sayar da saniya ne don a ƙwato akuya. Wanda ya kai bakinsa wajen mai cirewa a kasuwa kuwa, ba rajista ba takarda, ranar da ya koma ma ba lalle ya tarar da shi a gindin bishiyar ba. Ga kuma haɗarin ciwon hanta da ake ɗauka daga ƙarfen da ba a dafa ba.

Inda mu fatake muke cutar kanmu shi ne tafiya. Haƙƙin gyara kyauta yana wajen wanda ya yi aikin, kuma yana nan ne muddin wani hannu bai shiga ba. Da zarar ka ƙetare iyaka wani ya fasa, shaidar ta tafi, na farko ya ce na biyu ne ya ɓata, na biyu ya ce haka ya tarar. Abin mamaki, mu ne ba mu tayar da garke sai da takardar likitan dabbobi da ta duwan a aljihu, ba mu ba da kafin alƙalami sai gaban shaidu, amma mu miƙa bakinmu ba tambaya. Ya kamata mutum ya gaya wa likita tun yana bakin ƙofa cewa shi matafiyi ne, ranar kaza zai tashi, ranar kaza zai komo, domin wannan kan canza irin aikin da za a zaɓa. Ya tambayi kuɗin aikin gaba ɗaya, da abin da zai biyo baya in bai karɓa ba, da ko komowa gyara kyauta ce, har zuwa yaushe. A rubuta masa a cikin karne, watau ɗan littafin asibiti, wane haƙori ne aka taɓa da abin da aka sa a ciki, ya karɓi rasit da hotonsa da lambar wayar likitan. In ciwo ya kama shi a hanya, ya fara bugo waya. In ba makawa sai an taɓa a can, to a ɗauki hoto kafin a fasa, kuma na biyun ya rubuta abin da ya tarar. Wanda kuma zai yi babban aiki, ya bari sai lokacin da zai zauna gari ɗaya mako biyu, kada ya sa shi ana gobe lodi.

Shi dai ɗan'uwan namu, mu biyu muka raka shi muka koma. Likitan ya buɗe littafinsa ya nuna mana ranar da abin da ya yi, ya kuma amsa cewa ya ga zurfin kogon amma bai yi masa bayanin abin da ka iya biyowa ba, don ya ga yana sauri. Shi ma Alhaji ya amsa cewa bai faɗi zai yi tafiya ba, kuma bai bugo waya ba kafin a fasa. Aka tsaya a kan likita zai ƙarasa kashe jijiyar, ya yafe kuɗin cikon farko daga ciki, Alhaji ya biya sauran, abin da ya kashe a Mubi kuwa ya tafi. An yi zuwa biyu, saura na uku da ɗora hula, ya ce sai ya komo daga Ngawundare.